Gwaggo Mai Riƙe wa Masu Tsoro Igiya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an tambayi kowa ko ya shirya ba. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta goya ni ta raine ni, ta rasu ran Laraba da hantsi a tsakiyar daminar nan, shekara bakwai da samun ƴancin ƙasa. Labarin ya tarar da ni a gidan likita na Tanut ina tafasa allurai. Kafin in sami motar da za ta sauke ni ƙauyenmu, an riga an kai ta makwancinta. Haka na shiga gidan da na tashi a cikinsa kamar baƙo mai zuwa gaisuwa, na nemi gefen tabarma na zauna.

Na ga zaman makoki da dama a Damargu, ban taɓa ganin mai irin waɗannan mutane ba. Wani Buzu ya zo daga wajen Tenhiya, tafiyar kwana biyu a kan raƙumi. Ya ƙi shiga gida, ya ƙi taɓa fura, ya zauna a gindin danga fuska a naɗe har la'asar, sannan ya yi wa Baba sallama ya hau ya tafi. Har yau ba mu san abin da ta yi masa ba. Wata Bafulatana ta zo da ƴarta budurwa, ta tsaya a ƙofar ɗakin mata ta ƙi buɗe baki, ta bar yarinyar ta yi gaisuwar ita kaɗai da murya a sarari. Daga baya aka gaya mini yarinyar nan ta taɓa yin shekara uku ba ta iya magana gaban kowa sai uwarta. Akwai kuma wani tsohon soja daga Belbeji, ya sha lambobinsa a ƙirji, ya yi ta kuka har liman ya ce masa ya ji tsoron Allah. Ya amsa ya ce ai tsoron Allah kaɗai ya rage masa, sauran duk ita ta raba shi da su.

Duk wanda ya tashi yabonta da magana ɗaya yake ƙarewa: mace ce da ba ta san tsoro ba. Liman ya faɗa, mai gari ya faɗa, Baba ya faɗa hawaye na bin gemunsa. Ni ma na gyaɗa kai, don a ranar iyakar abin da na sani ke nan.

Sanadin ajalinta ƙari ne a ciki, irin wanda ake cirewa a babban asibitin Damagaram mutum ya tashi ya ci tuwo. Ina da lokaci daga sanyi har faɗuwar damina in kai ta, ban kai ta ba. Mutane sun ce taurin kanta ne, ni ma na daɗe ina faɗar haka, har da ɗaga murya. Ina rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don kada a tuna ta da ƙarya, ko da ƙaryar ta yabo ce.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi ƙarfin jikinta. Awakinta sun sha zagi har na kakanninsu. Ta haifi uku ba wanda ya kai yaye, mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta dawo gidan ubanta ta ce aure ya ishe ta haka. Ni ɗan fari ne, Inna tana kunyata, ba ta kiran sunana ba ta kallona gaban mutane, saboda haka ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo. Sunan mahaifinta na ci, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai Abba. Ko bulala za ta yi mini sai ta ce a yi haƙuri Abba, sannan ta tsula.

Abu ɗaya da kowa ya san ta da shi, ba ta zuwa ko'ina. Rumbunan hatsin ƙauyenmu suna jere a gabas, tsakanin gidaje da hanyar mota, kuma ban taɓa ganin ta wuce na ƙarshe ba. Ba kasuwa, ba biki, ba gaisuwar mutuwa ko a ƙauyen da muke jin carar zakarunsa. Gayaunarta ma a bayan danga take. Mu kuwa muka mai da abin girma. Mukan ce Gwaggo ba ta zuwa, wurinta ake zuwa. Shekarar da matar sarkin kanto, hakimin yankinmu, ta kwanta aka aiko mata da doki, ta ce a koma da dokin a kawo matar, aka kuwa kawo ta. Na yi ta ba da labarin nan a lakwal, makarantar boko, ina hura hanci, kai ka ce ni na mai da dokin.

Igiyarta kuwa, wadda duk masu makokin nan suka sani, a jikina na fara saninta. Ina ɗan shekara bakwai na ga guga cike da ruwa ta rinjayi jakin da ke janta, ta fizgo shi da baya ya faɗa rijiya. Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba ba zai gane ba. Tamu gaba arba'in ce, in ka jefa dutse sai ka saurara kafin ka ji ƙararsa. Tun daga ranar na daina zuwa wurin, kuma abin bai tsaya nan ba. Bakin rumbu ya zama mini rijiya, bakin randa ma haka. Kowace safiya sai zufa ta karyo mini, zuciyata ta yi ta bugu kamar za ta fasa ƙirji, ga shi ba zazzaɓi. Aka sha rubutu, aka yi turare. Da haƙurin Baba ya ƙare sai ya saɓa ni a kafaɗa ya kai ni bakin rijiya, ya riƙe ƙeyata ya ce in leƙa in ga ba komai. Na leƙa, na jiƙa wandona gaban mata masu ɗibar ruwa, na suma. Gwaggo ta yi kwana bakwai ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Daga nan ta ɗauko wata tsohuwar igiyar guga ta ƙulla ta gaba-gaba, ƙulli arba'in. Rijiyar tana yamma, dab da gidaje, cikin iyakar da take takawa. Ta zauna gindin wata aduwa da ke fuskantarta, ta naɗa bakin igiya a hannu, ta ba ni ɗaya bakin. Ta ce in tafi ƙulli uku kawai in tsaya. In zuciya ta fara bugu kada in gudu, in bar ta ta yi bugunta har ta gaji. In na ji ba zan iya ba, in ja igiya.

Na ce, "To in na ja, sai ki jawo ni?"

Ta ce, "A'a, Abba. In ka ja, ni zan zo. Kai kana nan inda ka kai."

Haka kuwa ta yi. Duk jan da na yi sai ta taso, tana nishi tana zagin gwiwoyinta, ta tsaya kusa da ni da ƙoƙon kunu mai zafi ta ce in hura mata ya huce. Sai da na girma na gane ba ruwanta da kunun, numfashina take so ya yi tsawo. Wata rana mu ƙara ƙulli biyu, wata rana mu koma baya ɗaya, ba ta taɓa ce mini ai jiya ka fi haka ba. Rana ta sha tara na dafa itacen bakin rijiya na leƙa. Ni na kai kaina.

Mutanenmu in sun ga irin wannan ciwo sukan ce iska ce, ko sammu, ko su ce tsoron banza. Gwaggo ba ta jayayya da masu cewa iska, takan ce ita dai ba ta taɓa ganinta ba. Malamai ma ba ta hana su abincinsu, takan ce a sha rubutun sannan a zo a riƙe igiya. Kalmar banza ce ba ta yarda da ita ba. Takan ce wanda abin ya taso wa ji yake mutuwa ce ta zo, da gaske yake ji, kuma ce masa ba komai daidai yake da ce masa maƙaryaci. Abu biyu ta hana dangin mara lafiya: kada a ja shi da ƙarfi zuwa ga abin da yake tsoro, kada kuma a yi ta kare shi daga gare shi. Na biyun ya fi ba ta wuya da iyaye mata. Takan ce musu, yau kin ɗauke masa zuwa rijiya, gobe sai kin ɗauke masa fita ƙofar ɗaki. Ba ta kuma ɓata lokaci wajen tonon abin da ya fara tsorata mutum. Wasu sun sani, wasu ba su sani ba, duk igiya ɗaya take ba su.

Tsohon sojan nan da ya yi kuka, ina gida hutu aka kawo shi, shekara biyu bayan ƴanci. Ƙato ne, ƙofar ɗakinmu sai ya sunkuya. Tun da ya dawo daga yaƙin Annasara, ƙarar injin mota kan sa ya nemi ƙarƙashin wani abu ya shige, har ya daina zuwa kasuwar garinsu. Gwaggo ta fara da zaunar da shi a tsakar gida ranar kasuwar Tanut, lokacin da motoci ke wucewa, yana jin ƙarar daga nesa yana hura kunu. Ta yi masa tsiya iyakar iyawarta, ta ce wannan ƙirji duk na lambobi ne ko akwai wurin numfashi, har ya yi dariya bai shirya ba. Bayan mako biyu ta zauna gindin rumbu na ƙarshe ta ba shi igiya ya nufi hanya. Ya kai ƙulli shida wata kamyo, babbar motar kaya, ta danno, ya ja. A nan kaɗai na taɓa ganin ta karya dokarta. Ta miƙo mini ƙoƙon kunun ta ce in je masa, gwiwarta ta riƙe. Na je, ban kawo komai a raina ba. Duk kwanakin da ya yi a hanyar nan, ni ko Baba muke zuwa in ya ja.

A lokacin lakwal ta riga ta mai da ni abin da mutane ke kira likita, ko da yake ni mai allura da wanke miki ne, lokotoro, likita na gaske, sau ɗaya yake leƙo mu a wata biyu. Na dawo gida da farar riga da raini. Faɗanmu na farko a kan matar ƙanena ne. Ta binne jarirai biyu, da ta haifi na uku sai ta kasa ajiye shi. Kullum kunnenta yana kan hancinsa, ba ta ci ba ta runtsawa, ta rame ta zama abin tausayi. Gwaggo ta ce a kawo mata ita, ni na ce a bar ni da ita. Na ba ta ƙwayar barci, kwana uku gida ya yi tsit. Na je har ɗakin Gwaggo na ce mata abin da take yi a kwana sha tara ni na yi a uku. Tana ɓarar gujiya, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Abba mai allura, na ga ka kwantar da ita. Ranar da ƙwayar ta ƙare fa?"

Ƙwayar ta ƙare, abin ya dawo ya fi da. Gwaggo ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya, ta ba uwar igiya ta ce ta tafi ƙulli biyu ta juya musu baya. Uwar ta yi kuka kamar ana yanka ta, amma kafin wata ya cika tana zuwa daka gidan maƙwabta ta bar shi yana barci. Ban taɓa ba Gwaggo haƙuri a kan wannan ba, ita ma ba ta nema ba. Kuma kada a ɗauka ta raina asibiti. In aka kawo mata mai haki da bugun zuciya ta ga ƙafarsa a kumbure, ko idonsa ya yi fari, sai ta ce wannan ba nata ba ne, a kai wa Abba. Tana rarrabewa fiye da ni mai takarda, kuma na san haka tun a lokacin, shi ya sa nake jin haushinta.

Da sanyin bara na zo gida na lura ta ɗaga ɗaurin zanenta sama, kuma tuwo kaɗan take taɓawa ta ture. Na matsa mata har ta bari na taɓa cikin, na ji abu mai tauri kamar ƙaramin ƙoƙo. Da lokotoro ya zo turne, wato rangadi, na roƙe shi ya biyo ta ƙauyenmu. Ya duba ya ce abin zai ciru, amma a Damagaram, kuma kada a bari damina ta faɗi, don girma yake yi. Na mayar mata da maganar cikin Hausa. Ba ta tambayi wuƙa ba, ba ta tambayi zafi ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko mota tana iya shigowa har ƙofar gida. Na ce yashin bayan rumbuna ba zai bari ba, sai mun taka zuwa hanya. Ta ce to. Ni kuwa na ɗauka mun gama.

Na yi shiri mai kyau, irin wanda mutum ke yi don a yaba masa. Na nemi izini a wurin aiki, na sama mata wuri a gaban wata kamyon hatsi kusa da shofer mai tuƙinta, na aika wa wani abokina a asibitin Damagaram ya jira mu. Ranar tafiya gari duk ya fito rakiya, don ba a taɓa ganin Gwaggo za ta wani wuri ba. Ta fito da baƙin zanenta na rini, ƙunshi a ka, tana tafe da sauri har ina ce mata a hankali. Muna kaiwa rumbu na ƙarshe ta tsaya. Ta sauke ƙunshin, ta zauna a ƙasa. Zufa tana tsiyaya daga goshinta da sanyin safiyar nan, leɓunanta sun bushe, hannu ɗaya a ƙirji, numfashi sama-sama. Ni da na san waɗannan alamu daga cikin jikina, na kama hannunta na ƙirga bugun jini kamar yadda aka koya mini, na ce wa raina ƙarin ne.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. "Abba, yau nan na kai. Ka sallami mai motar. Gobe mu sake fitowa."

Shofer yana ta danna oda, fasinjoji a kan buhuna suna leƙe, wasu matan garinmu har sun fara murmushi suna cewa ai dama Gwaggo ba ta zuwa. Kunya ta rufe ni, ta koma fushi. Na ɗaga murya gaban kowa na ce shekara nawa tana raina aikina, ta fi son ta mutu a ɗakinta da a ce ɗan lakwal ya yi mata magani. Na kira samari biyu na ce su ɗauke ta. Baba ya sha gabansu ya ce yana raye ba mai ɗaukar yayarsa kamar buhu. Ita dai kallona kawai take yi. Na juya na shiga wurin da na sama mata, na tafi har Damagaram ba abin da zan yi can, don dai kada a ga na dawo.

Bayan wata guda Kawu, ƙanin Inna, ya zo cin kasuwar Tanut ya biyo ta wurina da wani ƙunshi. Na kwance na ga igiyar ce, ta yi baƙi da hannuwan mutane, wasu ƙullin sun fara sosuwa. Na tambaye shi saƙon, ya ce ba saƙo, cewa ta yi a ba ni kawai. Na yi tsaki na ce tsohuwar nan sabuwar igiya take so, girman kai ya hana ta roƙa. Na shiga kasuwa na zaɓo mai kyau, gaba arba'in cif, na haɗa da goro da sukari na ba Kawu, ina jin kaina mutumin kirki. Na sha tambayar raina ko da gaske ban gane ba. Gaskiyar ita ce wani abu ya motsa mini da na riƙe igiyar nan, na danne shi. Wadda ta ba ka igiya kana yaro, ba ka son ka yarda wata rana kai za ta ce ka riƙe mata. Ana haka aikin lambar rigakafin agana ya taso, muka yi ta yawo ƙauye-ƙauye da ruga-ruga, na sami hujjar da nake nema. Ban sake taka gida ba.

Ranar sadakar uku, da la'asar, Iya ta aiko kirana. Iya ƙawar Gwaggo ce tun suna ƴan mata, ƙafafunta sun shanye shekaru da yawa, sai an ɗauke ta. Na same ta a ƙofar ɗakinta, sabuwar igiyar da na aiko tana naɗe a gefenta, an ƙulla ta gaba-gaba. Ta ce ta yi wa Gwaggo alkawarin shiru muddin tana raye, yanzu alkawari ya ƙare.

Ta ce abin ya fara ne ranar da Gwaggo ta baro garin mijinta bayan mutuwarsa. Tana tsakiyar fili ita kaɗai, ba itace ba gida, sai ta ji sama ta yi faɗi, ƙasa tana janyewa, numfashi ya ƙi shiga. Da rarrafe ta iso rumbunan nan. Tun daga ranar, shekara arba'in da wani abu, duk lokacin da ta nufi wuce su sai abin ya taso. Igiyar ma don kanta ta fara tunaninta, ta rasa mai riƙe mata, sai ta riƙe wa wasu. Na ce me ya hana ta faɗa. Iya ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce wa za ta faɗa wa, ƙaninta da ke durƙusa mata, ko mutanen da suka warke don sun yarda ita ba ta tsoro? Mu da kanmu muka ɗora ta inda ba ta iya saukowa.

Ta ce da sabuwar igiyar ta iso, Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce Abba bai gane ba, ko kuwa ya gane fushi yake yi. Kashegari ta sa aka ɗora Iya a jaki aka kai ta gindin rumbu na ƙarshe. Kowace safiya haka, fiye da wata biyu. Mutanen gari sun gani, suka ce Gwaggo tana yi wa gari wani aikin tsari ne saboda agana, har suna hana yara zuwa wurin. Baba ma ya gani, ya ce ba huruminsa ba ne ya tambayi yayarsa.

Iya ta ce, "Ina riƙewa, ɗana. Amma in ta ja, ba ni da ƙafar zuwa. Sai in ji igiya tana motsi a hannuna, tana ja, tana ja, ni kuwa ina zaune."

Na kasa kallonta. Na tambayi inda Gwaggo ta kai, ina fatan ta ce ƙulli goma ko ashirin. Ta ce igiyar ta ƙare saura taku kamar sha biyu, Gwaggo ta yi kwana huɗu a nan, rana ta biyar ta saki igiyar ta taka. Da cikin nan nata da ya yi nauyi, ta isa hanya ta zauna gindin aduwar bakinta. Ta yi ta komawa kowace safiya. Motoci sun tsaya mata, ta ce su wuce, don hanya ta iya ita kaɗai, amma mota ba za ta iya shiga ba sai da Abba. Iya ta ce mata ta sake aika mini, Gwaggo ta ce ai ta aika sau ɗaya. Wata rana da hantsi sai ga farar motar likita ta taho, Gwaggo ta miƙe ta ɗaga hannu.

Ba sai Iya ta ƙarasa ba, na tuna ranar. Muna dawowa daga wajen Falanko, ni da shofer ɗin gidan likita. Tun daga nesa na kau da kai daga ƙauyen don kada in ga rumbunan. Shofer ya rage gudu ya ce, "Likita, ga wata tsohuwa tana ɗaga hannu, kuma ai garinku ne." Na waiwaya na ga baƙin zane a gindin itace, ban tsaya kallon fuska ba. A raina na ce tsohuwa ɗaya ce ta dame ni a garin nan, ita kuwa ba ta wuce rumbu. Na ce masa ba wuri, mu je.

Iya ta ce Gwaggo ta dawo tana murna, ta ce ta ga Abba, ya yi ƙiba. Bayan mako guda ta kasa tashi daga shimfiɗa.

Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya yalwata miki makwanci, ya sa kin huta da faɗuwar gaba har abada. Ku da kuka zo mana gaisuwa daga nesa da kusa, Allah ya ba ku lada, kuma in kun yi mata addu'a ku sa ni a ciki, na fi ta bukata. Akwai wuri a motar nan. Mu biyu ne kaɗai a ciki.